Ya Tumbi Ya Kwana?

Ni mai kifi ne a kasuwar Dutse, kuma duk wanda ya san teburina ya san ba na buƙatar sikeli. Ina ajiye shi ne kawai don kada ma'aikatan gwamnati su ce ban waye ba. Miƙo min tarwaɗa in ɗaga ta sau ɗaya, zan gaya maka nauyinta, in gaya maka abin da ta ci jiya, in ka matsa ma in gaya maka ko daga Haɗeja ta zo ko ƙarya aka yi mata. To wannan hannun da nake taƙama da shi, ranar da aka ɗora min 'yata a kai, ce min ya yi babu komai a cikin zanin.

Ba zan faɗi sunanta ba. 'Yar fari ce, ga shi kuma sunan Innata aka sa mata, kun ga bakina a ɗaure yake ta gaba da ta baya. A gidanmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban manya, ba a yabonsa. Ko faɗuwa ya yi a gabanka sai ka ɗaga kai sama ka ce yau kamar za a yi ruwa. Ni ma na fari ne a wajen Inna, har na yi gemu "kai wannan" take ce min. Ita kuwa yarinyar, duk unguwarmu ta Takur Tumbi ake ce mata, alhali siririya ce kamar tsinken tsire. Yadda aka yi ta samu sunan shi ne labarin.

Da cikin matata ya shiga wata na bakwai, sai aka kai ta gidansu a Jahun goyon ciki, tunda haihuwar fari ce. Dama tun a wajen awo an ce jininta yana hawa, an ba ta magani tana sha. Ƙafafunta duk sun kumbura, matan unguwa suna ta yi min albishir wai alamar ƙaton namiji ne. Ni kuma na yarda, har na fara tafiya ina buɗe hannuwa. Ba a jima da tafiyarta ba, ina tsakar yanka wa wata mata kifi da rana, waya ta shigo. Jijjiga ta kama ta, an wuce da ita asibiti, za a yi mata aiki a ciro abin da ke cikin. Har yau ban san wanda ya ƙarasa yankan kifin nan ba. Na dai gan ni a motar Jahun da wuƙa a aljihu, ɓawon kifi har a gira, mutane suna ta matsawa suna ba ni wuri kamar wani babban mutum.

Ko da na isa an gama aikin. Uwa tana raye amma ba ta san inda take ba. Jaririya kuma an sa ta a kwalba, wato akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake ajiye bakwaini. Mai kula da ɗakin wata ma'aikaciyar jinya ce, gajeriya, mai murya kamar ta kwandastan mota, kowa Sista yake ce mata. Ta dube ni sama da ƙasa, ta toshe hanci.

"Kai ne uban, ko kai ne ka kawo abinci?"

Na ce ni ne uban.

"To je ka wanke har gwiwar hannu. Da sabulu. In ka gama ka sake."

Da na dawo ta nuna min ta. Na leƙa, na ce Sista ina sauran? Ta ce iyakarta ke nan, kilo ɗaya da rabi ma bai cika ba. Wani in an gaya masa haka lamba ce kawai ya ji. Ni kuwa kullum da kilo nake wuni. Kilo ɗaya da rabi shi ne abin da magidanci yake saya ranar da baƙi biyu suka zo masa, yana ƙorafin bai da auki. Cinyarta ba ta kai babban yatsana ba. Fatar nan kana hango jijiyoyi ta ciki, an zura mata 'yar roba ta hanci, ta nan ake ba ta nonon da aka tatso daga uwar don ba ta da ƙarfin tsotsa. Kukanta ma sai ka kasa kunne, kamar kyanwar maƙwabta ce ke yi a bayan katanga.

Na tambayi Sista gaskiya, ta gaya min gaskiya, ba ta shafa mata mai ba. Ta ce irin waɗannan abin da ke fara ɗauke su sanyi ne, don ba su da kitsen da zai riƙe musu ɗumi, sai kuma ciwon da za su kwasa a hannun mutane. Ta ce in ta tsallake wannan, akwai sauran tafiya. Za ta iya makara wajen zama da tafiya da magana, ƙirjinta zai riƙa damunta, a riƙa duba idonta da kunnenta, wani lokacin har karatu yana yi musu nauyi. Na ce za ta kamo sa'o'inta? Ta ce da yawa suna kamowa, wasu ba sa kamowa duka, kuma yadda aka riƙe su daga farko yana da nasa kason. Wannan tambayar tawa ita ce ta zauna min a wuya shekara da shekaru, kamar ƙayar karfasa.

Ranar suna ba a fito da ita ba, a masallaci aka raɗa, mai sunan tana kwalba tana barcinta. Da ta ɗan yi ƙwari ta fara tsotsa da kanta, aka ce za a sallame su. Nan Sista ta tara mu: ni, da Inna da ta taho daga Dutse, da surukata, mahaifiyar matata. Ta ce a gida babu kwalba, saboda haka mutum ne zai zama kwalbar. A tuɓe jaririya a bar mata hula da ƙunzugu kawai, a kifa ta a ƙirjin babba, fata da fata, a ɗaure da zani, a wuni a haka a kwana a haka. Ba wankan ruwan zafin nan da ake gasa jarirai da shi, ba ruwa, ba jiƙo, nono zalla.

Matsalar ita ce ƙirjin wa. Matata ɗinki bai kame ba, in ta ɗan riƙe ta sai jiri ya kwashe ta. Surukata ta ce za ta karɓi safiya, amma ita ke jinyar 'yarta, ita ke girki. Inna ta yi farat ta ce ai ga ta, sai kuma tari ya tona mata asiri. Sista ta ce Hajiya ke da wannan tarin ko ƙofar ɗakin kada ki tsaya. Shi ke nan ta juyo ta kalle ni. Ni kuwa Allah ya hore min jiki, tun ina saurayi tumbina yake riga ni shiga ɗaki.

"Ga katifa nan Allah ya ba ku kuna neman tabarma," in ji ta. "Mai kifi, cire riga."

Ku duba min lamarin nan da kyau. Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gaban surukata ba, in zan gaishe ta daga bakin ƙofa nake durƙusawa ina kallon ƙasa kamar na yar da allura. Yau ni ake cewa in tuɓe riga a gidanta, in ɗaura zani irin na mata, in rungume 'yar fari a gaban uwata. Surukata ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Inna ta ce a hankali, "'Yar nan, ta fari ce fa."

Sista ta ce, "Hajiya, na ji. Amma in jikinta ya yi sanyi, dawo min da ita za ku yi, kuma ba kullum nake iya mayar muku ba."

Muka tattara kayanmu muka shiga mota. Muka koma gida a haka, kowa yana kallon tagar da ke kusa da shi. Ni dai a raina na riga na yanke zan yi, abin da ban sani ba shi ne da wane ido zan ƙara kallon Inna. Kada ku ɗauka abin wasa ne. Matar nan a kan kunyar nan ta rayu. Ban taɓa jin ta yabe ni ba, ko ranar aurena ƙanwarta ce ta sa min albarka a madadinta. In na karya wannan a gabanta, kamar na ce mata duk abin da ta danne a zuciya shekara da shekaru aikin banza ne.

Washegari da hantsi Inna ta aika a kira ni soron ciki. Na tarar ta shimfiɗa tabarma, ta jingina filo da bango, ga wani ƙunshi a gefe. Ta kwance, sai ga babbar rigar marigayi babana, shuɗiyar nan mai aska da yake zuwa Idi da ita. Ashe da ita ta taho. Rigar nan in ka baza ta za a iya ɗaura aure a ƙarƙashinta.

"Kai wannan," ta ce, tana kallon bango, "na ga tumbin nan naka yana neman fin ƙarfin rigunanka. Sa wannan ka rufa wa kanka asiri. Ka zauna nan, kada ka yi ta yawo da shi a gari."

Ta fice abinta. Can sai ga matata ta lallaɓo da jaririya, ta ɗaura min ita a ƙirji, muka zura babbar riga a kai, muka saki wuyan yadda iska za ta shiga kuma ina ganin fuskarta. In ka hango ni daga nesa, wani attajiri ne ya ci ya ƙoshi yake hutawa. Jikinta da ya taɓa nawa, sanyi na fara ji, kamar an ɗora min kifin da aka ciro daga ƙanƙara. A hankali ta ɗau ɗumi. Zuciyarta tana bugawa da sauri-sauri a kan tawa, 'yan yatsun nan suka laluba suka damƙi gashin ƙirjina. Yarinyar da aka ce ba ta da ƙarfi, sai da na yi ƙwalla.

Da la'asar Inna ta zo wucewa, ta tsaya nesa saboda tarinta, ba ta kalle ni ba.

"Ya tumbin?"

Na ce, "Da sauƙi, Inna."

"Yana motsi?"

"Yana yi. Ɗazu ma ya yi atishawa."

"To madalla. A riƙa rufe shi."

Shi ke nan hanya ta samu. Na bar wa ƙanena teburin kifi na tare a Jahun. Duk gidan babu wanda ya taɓa ganin na ɗauki 'yata, tumbina kawai ake gaisarwa. Surukata daga bayan labule za ta ce, "Malam, a miƙo tumbin ya sha nono." In ce to. Da safe gaisuwar ke nan, an tashi lafiya, ya tumbi ya kwana. Har limamin unguwar, dattijo mai mutunci, ya tare ni a bakin masallaci ya ce Allah ya raya tumbi, ya sa mahaddaci ne. Na ce amin, ko murmushi babu wanda ya yi a cikinmu.

Mutum ɗaya ne ya ƙi bin tsarin, wato taubashina, ɗan gwaggona, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa a rabu lafiya. Direban adaidaita ne a Dutse. A satin da aka haifi tawa shi ma matarsa ta haihu, namiji, kilo huɗu da ɗoriya. Ya zo Jahun takanas wai dubiya. Na tsayar da shi a bakin soro na ce daga nan, kada ya kwaso mana ƙurar titi.

"Kai bawana," ya ce, "ashe abin da ake faɗa gaskiya ne. Wata nawa ne cikin? In kawo maka kunun kanwa?"

Na ce, "Ubangidanka dai. Kawo, ka haɗo da kazar jego, tunda kai ko ƙwai ba ka taɓa ƙyanƙyashewa ba."

"Ni rago aka haifa min. Ungozoma biyu ne suka ɗaga shi. Kai kuwa mai kifi, an ba ka ɗan tsako ka ce an gode."

"Naka a sari aka ba ka, shi ya sa. Nawa na musamman ne, kaɗan ake fitowa da shi."

Ya yi dariya, ya leƙo daga inda yake, na ɗan sassauta wuyan rigar ya hango kan. Sai na ga dariyar ta tsaya. Can ya ce in dai za a kai ta awo in kira shi, kada in sa ta a motar haya a matse ta. Kuma ya cika, tun daga Dutse yake tahowa. Yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko tiren ƙwai, yana zagina tun daga ƙofar gida har asibiti.

Ranar awo ita ce ranar hukunci. A ɗora ta a sikeli, ni in tsaya a kan allurar nan kamar zan cinye ta. Ana zargin mu 'yan kasuwa da ɗora yatsa a kan sikeli, ni dai ban ce komai ba, amma ranar farko Sista ta doke min hannu ta ce, "Mai kifi, nan ba teburinka ba ne." Wani satin allura ta matsa, wani satin ta tsaya cak in koma gida abinci ya ƙi ciyuwa. Ranar da ta haye kilo biyu da rabi, Sista ta ce to kwalba ta yi ritaya. Ita ma yarinyar dama ta fara ƙosawa, tana harbina a haƙarƙari tana neman hanyar fita. Na cire babbar riga na ninke na kai wa Inna. Ta ce in riƙe, tumbi ba a yarda da shi, yana iya dawowa.

Muka dawo Takur, nan aka shiga doguwar tafiyar. Ɗan taubashina ya zauna, tawa tana kwance. Ya yi rarrafe, tawa tana koyon zama, an kewaye ta da filo kamar basarakiya. Ya tashi yana gudu yana fasa musu kwanuka, tawa ko tsayuwa ba ta yi. Likitan yara ya ce mu daina lissafa mata daga ranar da aka ciro ta, mu lissafa daga ranar da ya kamata ta fito, watannin nan da ba ta yi a ciki ba nata ne, a bar mata su. Na riƙe wannan magana kamar makami. Duk matar da ta ce har yanzu ba ta tafiya, sai in ce ai kwanan watanta daban ne da naku, nata daga waje aka yo odarsa. A baki ke nan. A zuci kuwa, in na dawo kasuwa na tarar da ita zaune inda na bar ta, sai in ji ƙayar nan ta motsa.

Ga ƙirji. Damina ba ta taɓa wuce mu salin alin ba. Murar da ɗan wani zai yi yana wasa a waje, ita sai ta sauka mata a ƙirji, numfashi yana fita da ƙara kamar tsohon injin markaɗe, sai mun kwana asibiti. Masu gadin ƙofar sun san ni har sun daina tambayata wa na zo gani.

Da aka yaye ta sai na ce to yanzu zan nuna musu aiki. Na shiga yi mata ɗura da kayan zaƙi, biskit, lemon kwalba, alewar madara, duk abin da na ji an ce yana sa ƙiba. Nufina kafin shekara ta zagayo ta danne ɗan taubashina a kokawa. Da likita ya ji abin da take ci, ya ajiye abin rubutunsa.

"Malam, kiwon sallah kake yi?"

Na ce so nake ta cika.

Ya ce yaron da aka haifa ƙarami, jikinsa tun a ciki ya saba da tattalin kaɗan. In aka zo daga baya aka cika shi da zaƙi da maiƙo ya yi ƙibar gaggawa, shi ne idan ya girma hawan jini da ciwon suga suka fi saurin samunsa. Ya ce ba faɗi ake nema ba, tsayi ake nema da ƙwaƙwalwa. Wake, ƙwai, gyaɗa, zogale, kifi. Da ya ce kifi na miƙe tsaye. Na ce likita ka zo gidan. Yarinyar nan ta ci kifin da har na fara tsoron kai ta bakin rafi kada ta faɗa ta ƙi dawowa.

Na kai wa taubashina labari, don likitan ya ce shi ma ƙaton jariri ba kullum ne abin guɗa ba, sau da yawa sugan uwa ne ya hura shi, kuma shi ma sai an kula da ƙibarsa. Ya ce hassada ce ta 'yan kifi. Amma ya kai matar aka duba, aka samu sugan, yanzu tana kan magani. Bai gode min ba, cewa ya yi bakina ne ya ja.

Ta yi tafiya dai daga ƙarshe, a makare, ba tare da shawara da kowa ba. Magana ma da ta zo, sai muka gane tara ta take yi. Na fara sakin jiki. Sai aka sa ta a makaranta, ƙayar ta dawo sabuwa.

Shekarar farko aka ce ƙuruciya ce. Ta biyu malamar ajin ta kira ni, mace mai kirki, ta rasa ta inda za ta fara. Ta ce yarinyar ba ta da fitina, amma ba ta kwafar abin da ke allo, in an tambaye ta sai ta yi shiru tana ƙifta ido. Ta ce ko za a bar ta ta maimaita aji. Kafin sati ya ƙare magana ta zaga unguwa, wai dama bakwaini ƙwaƙwalwarsu ba ta gama nuna ba aka sauke. Har wata maƙwabciya ta ba matata shawara a cire ta kawai a koya mata aikin gida, kada a wahalar da baiwar Allah. Ranar ban yi wa kowa tsiya a kasuwa ba, har abokan sana'a suna tambaya ko an yi min rasuwa.

Matata ce ta warware abin, ba ni ba. Ta ce, "Malam, ka lura in tana tsintar shinkafa sai ta kai hancinta cikin faranti? Kuma in ka shigo layi ba ta gane ka sai ka yi magana. Ba Sista ta ce a riƙa duba idonta ba?" An duba tana jaririya aka ce lafiya, daga nan duk hankalinmu ya tafi kan ƙirji da ƙafa. Ga ta kuma mafi ƙanƙanta a ajin, manyan yara sun ture ta can baya. Ashe yarinyar nan shekara biyu tana zaune tana kallon wani baƙin abu a bango, ana ta yi masa ihu, ita ba ta san akwai rubutu a jiki ba.

Aka auna ido aka yanka mata tabarau mai kaurin gindin kofi. Taubashina ne ya ɗauko mu. Tana zaune a tsakiya, tabarau ya cinye rabin fuska, tana ta kallon gari. Ta kalli duwatsun nan da muke gani kullum har mun daina ganinsu, ta ce, "Baba, ashe a kan juna suke?" Daga nan ta koma kan allunan shaguna tana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya da ƙarfi. Can ta ɗago ta ƙura wa ƙeyar direba ido.

"Kawu, ashe kana da sanƙo?"

Ya kusa hawa kan mai lemo. Ya ce, "A mayar da gilashin nan, ya yi mata ƙarfi." Ni kuwa dariya nake har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Ba ta maimaita ajin ba. Malamar ta dawo da ita layin gaba, ta riƙa zaunar da ita bayan an tashi, uwarta ma ta sa ta a gaba a gida. Ba zan ce muku dare ɗaya ta zama farfesa ba, lissafi ya ba ta wuya sosai, har yanzu sai ta yi a hankali. Har gobe ita ce ƙarama a ajinsu, damina kuma ba ta daina karɓar harajinta ba, sai dai ta rage. Likita ya ce in ta girma ta riƙa auna jininta a kai a kai, kuma duk ranar da ta samu nata cikin ta gaya wa masu awo yadda aka haife ta. Na ce za ta faɗa, in ta manta ma duk Takur za su tuna mata.

Bana aka yi taron ƙarshen shekara a makarantarsu, aka gayyaci iyaye. Na ciro shuɗiyar rigar nan na sa. Inna ta ce a tafi da ita, duk da ƙafa ta fara gardama. Taubashina ya zo shi ma, ɗansa yana ajin, ya samu kyautar gudu, uban ya cika filin da baki kamar shi ya yi gudun. Aka zo kiran waɗanda suka yi fice a aji. Na ɗaya, na biyu. Sai na ji an kira sunan Innata, an haɗa da nawa. Ta uku. Ta taso tana gyara tabarau, jakarta ta kusa finta girma, sai da shugaban makaranta ya sunkuya kafin ya miƙa mata kyautar.

Iyayen na ɗaya da na biyu sun tashi sun yi tafi sun ɗau hoto. Ni ga Inna a gefena. Ƙafafuna suna cewa tashi, tarbiyya tana cewa zauna. Na ɗaga kai sama na ce yau kamar za a yi ruwa, alhali ko gajimare babu. Taubashina ya zunguro ni ya ce, "Kai bawana, ba taka ba ce? Ko kifin ya maƙale maka?"

Inna ba ta kalle ni ba, gabanta take kallo, tana goge ido da bakin mayafi wai hayaƙi ne ya shigar mata.

"Kai wannan," ta ce. "Ya tumbin?"

Na miƙe tsaye, na baza rigar babana iya faɗinta, na dafa cikina da hannu biyu na buga shi kamar ganga. Na ce, "Inna, tumbi ya zo na uku. A gaban ƙattin da aka haifa da kilo huɗu. Tumbin nan da kike gani babu irinsa daga nan har Haɗeja, ni na ɗauke shi, na san nauyinsa."

Mutanen da ba su san zancen ba suka juyo suna kallon wani ƙato yana yabon cikinsa a taron yara. Wata mata ma ta janye ɗanta. Inna ta ce, "To zauna haka nan, kada baki ya kama shi." Sannan ta ƙara, can ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji, "Wanda ya riƙe shi ma ya iya riƙo."

Na zauna. Yarinyar ta zo ta ɗora min kyautar a hannu, littattafai ne da kwalin fensir. Hannuna ya auna da kansa, tunda ba ya jin magana. Kyautar ta haura kilo ɗaya da rabi.